Daga Houston zuwa bakin kogin Rio Grande

Yayana da ke zaune a Houston ta jihar Teksas a Amurka ne ya ce tunda hutu na zo in raka shi Laredo, wani gari a iyakar Meksiko, akwai kayan da zai duba a can. Bayan sallar asuba muka hau titin I-10. A Houston ɗin ma kunnena ya riga ya saba da Sifaniyanci, a shago, a gidan mai, ko'ina, don gundumar Harris inda birnin yake wajen kashi 43 cikin ɗari na mutanenta 'yan Latino ne a ƙidayar 2020, wato masu asali daga Meksiko da sauran ƙasashen Latin Amurka, amma can gari ne na kowa da kowa, ga baƙaƙen fata ga 'yan Biyetnam ga 'yan Najeriya birjik.

Teksas gundumomi 254 gare ta, kamar dai ƙananan hukumomi a wajenmu, kuma wallahi wanda ya ce maka kashi 39 na jihar Latino ne ya yi shiru, bai gaya maka komai ba. Da a ce gabas muka nufa, wajen dazukan Newton a iyakar Louisiana, ko kashi 10 ba su kai ba.

A San Antonio muka karya, gundumar Bexar kenan, kusan kashi 60. Yaya ya ce in riƙa tambaya kafin in ci wake ko gurasarsu don wasu da man alade suke yi, sai muka tsaya a kan kifi. Daga nan I-35 kudu, fili fetal, ƙaya da gajerun bishiyoyi da zafi, tireloli kuwa ba sa ƙarewa saboda kayan Meksiko da yawa ta Laredo suke shigowa.

Laredo fa ita ta riƙe ni. Gundumar Webb wajen kashi 95 ce, mai shago da Sifaniyanci zai fara gaishe ka, sai ya ga ka yi turus sannan ya juya Turanci. Kuma garin nan tun 1755 aka kafa shi, ita kanta Amurka sai 1776 ta ayyana 'yancinta. Teksas ta ɓalle daga Meksiko a 1836, daga baya ta shiga Amurka, yarjejeniyar Amurka da Meksiko ta 1848 ta tsayar da iyaka a kogin Rio Grande, to iyalai da yawa a nan ba su zo daga ko'ina ba, suna zaune a gidajen kakanninsu iyaka ta zo ta same su. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana yi wa duk mai jin Sifaniyanci kallon baƙon da ya tsallako jiya. Labarin garuruwan can arewacin jihar irin su Hereford daban ne, aikin gona da mayankar shanu ne suka ja mutane.

Da muka gama na roƙi Yaya mu bi titin 83 ta Zapata da Roma har Rio Grande City a gundumar Starr, inda suka haura kashi 97. Ta McAllen muka juyo gida, a shingen Falfurrias jami'in tsaron iyaka ya duba fasfona da bizata, shi ma sunan Sifaniyanci ne a ƙirjinsa. Gundumar Brooks ce wurin, kuma a cikin gonakin kiwon da ke kewaye ake yawan tsintar gawarwakin baƙin haure da suka bi daji a ƙafa don su kauce wa shingen, ƙishirwa ta kashe su.