Godiya ga ma'aikatan ofishin shirin bincikenmu a Kumasi

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan aiki lafiya, wajibi ne in gode wa waɗanda sunayensu ba sa fitowa a kan takardun bincike, wato ma'aikatan ofishin da suka riƙe ragamar shirinmu na nazarin zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da gyambon Buruli, wato wata cuta mai cin fata.

Ayyuka uku ne a inuwa ɗaya, kowanne da kasafinsa da ranar miƙa rahotonsa da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, wanda ake sabuntawa duk shekara, kuma idan aka yi sakaci wa'adinsa ya ƙare, ba mu da ikon ɗibar jinin ko da mutum ɗaya. Hajiya mai kula da ofis ba ta taɓa bari hakan ya faru ba. Har yanzu ina tuna allon da ta rataye a bayan teburinta, kowane aiki da launin alƙalaminsa, tana tsayar da mu a gabansa duk safiyar Litinin. Hajiya, Allah ya saka miki da alheri.

A shekarar 2022, da darajar sidi, kuɗin Ghana, ta faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, akantanmu ya zauna ya sake lissafin kowane kasafi, ya yi ta rubuta wa masu ba da tallafi har suka amince da gyaran, kuma alawus ɗin ma'aikatan da ke shiga ƙauyuka bai yi jinkiri ba.

Akwai daren da wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, alhali samfuran jini na cikin firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Direbanmu, wanda bai jima da dawowa daga garin Agogo ba, ya tashi makaniki daga barci a unguwar Aboabo, mai kula da sito kuma ya tsaya da tocila yana duba ma'aunin sanyin har asuba. Da samfuran sun lalace, da wahalar shekaru ta bi ruwa.

Ina kuma gode wa sarakunan Zango da limaman Asawase da suka yi wa jama'a bayani, da matan da suka fassara takardar amincewa da shiga binciken zuwa Hausa da Twi. In sha Allahu za mu dawo unguwanni mu karanta muku sakamakon da bakinmu.