Ga 'yan Gombe masu zuwa Legas ganin teku

Jama'a, in Kasuwar Balogun za ku, ku fita da asuba, don da gari ya waye gadar Third Mainland mai kilomita 11.8 ta cushe. Jaka a rataye ta gaba, kuɗi a raba aljihu biyu, kuma a taya atamfa ƙasa sosai.

Bakin tekun Tarkwa Bay sai da kwale-kwale, ana iya hawa a tashar jiragen ruwa ta CMS da ke tsibirin Legas, kada ku hau sai an ba ku rigar kariya. Tekun nan fa ba dam ɗin Dadin Kowa ba ne. Igiyar ruwa in za ta koma, zare yashin ƙarƙashin ƙafa take yi, sai mutum ya faɗi. Iya gwiwa ya isa, yara kuwa a riƙe su gam.

A gandun dajin Lekki ku ɓoye ledar abinci, birai na fizgewa.