Makin da Ba Ya Gogewa

Ranar Litinin 14 ga Maris 2022, bayan azahar, ina zaune a ɗakin hutun likitoci na asibitin da nake aiki a nan jihar Kebbi, fanka tana kaɗa iska mai zafi, wayata tana hannu. A ranar ne hukumar da ke raba guraben horon ƙwarewa a Amurka take sanar da kowane mai nema ko ya samu ko bai samu ba. Waɗanda suka dace sai ranar Juma'a ake faɗa musu asibitin da za su. Ni ban kai ga Juma'ar ba. Na karanta saƙon sau uku, na mayar da wayar aljihu, na koma ɗakin haihuwa inda wata baiwar Allah take zubar da jini. Sai bayan isha'i na iya buga wa Baba waya.

Ƙannena da ke aji shida a makarantar likitanci, da masu hausjob, wato shekarar aikin koyo bayan gama makaranta, da masu bautar ƙasa da suka fara tara kuɗin USMLE, jarrabawar samun lasisin likita a Amurka, ku nake wa wannan rubutu. Ban zo hana kowa tafiya ba. Abokaina sun tafi, wasu sun gama, suna aiki, suna taimakon gida. Abin da nake so ku gani shi ne inda ƙafata ta zame, kuma ba a ranar Litinin ɗin nan ta zame ba. Tun 2019 na yi tuntuɓen.

A shekarar na rubuta matakin farko, Step 1. Lokacin ana ba da maki mai lamba uku, kuma 194 ne makin tsallakewa. Wata biyar na yi ina karatu, in za a kira shi karatu: kol, wato kwanan aiki a asibiti, sau uku a mako, ga aikin yamma a wani asibitin kuɗi, sai tsakar dare in buɗe kwamfuta in yi tambayoyin manhajar bita ta UWorld ido na rufewa. Mako uku kafin ranar, na yi gwajin NBME, wanda ake yi don mutum ya san inda ya tsaya. Ya nuna mini ina dab da layi. Na sake wani bayan mako guda, bai canza ba. Gwaji biyu sun faɗa mini gaskiya ɗaya, amma na ce ai ranar jarrabawa hankali yakan tattaru. Ainihin dalilin kuwa kunya ce. Na riga na sayi tikitin Akra, don can muke zuwa mu rubuta. Baba ya riga ya sayar da buhu arba'in na shanshera daga gonarsa ta fadama, tun kafin farashi ya tashi, domin kuɗin jarrabawar kaɗai ya haura dala 1,000. Duk zuri'armu an san Likita zai je Gana rubuta jarrabawar Amurka. Da wane baki zan ce na ɗage?

Na samu 201. Na tsallake, har aka yi mini barka.

Ga abin da ban auna nauyinsa ba sai daga baya: a tsarin USMLE, matakin da ka ci ba ka da damar sake shi don ƙara maki. Mu nan mun saba da cewa in JAMB ba ta yi kyau ba, baɗi ma shekara ce. Can ba haka ba ne. Lambar da ka samu ta zauna a takardarka, duk asibitin da ka nema zai gan ta. In kuma faɗuwa ka yi, ita ma tana nan a rubuce ko da ka ci daga baya, kuma tun 2021 sau huɗu kacal ake yarda mutum ya gwada kowane mataki. Alhali wa'adin da ake ba ka na rubutawa wata uku ne, kuma ana iya tsawaita shi sau ɗaya da ɗan kuɗin da bai kai komai ba in an kwatanta da abin da na yi asara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da na je na durƙusa gaban Baba na ce ban shirya ba, a ba ni wata uku, na tabbata abin da zai ce bai wuce "Allah ya sa haka ya fi alheri" ba.

Za ku ce ai yanzu an daina ba da maki a Step 1. Gaskiya ne, tun 26 ga Janairu 2022 sai dai a ce ka ci ko ka faɗi. Amma nauyin bai ɓace ba, komawa ya yi kan mataki na biyu, Step 2 CK, wanda har yau lamba uku ake bayarwa. A da, wanda ya yi rauni a matakin farko yana iya wanke kansa a na biyu. Ku harsashi ɗaya gare ku. Jarrabawa ce ta wuni guda, awa tara, kuma wanda bai saba zama irin wannan ba, ƙwaƙwalwarsa takan gaji tun kafin a kai rabi. Ni na samu waccan dama ta biyu a 2021, na kuma sake yin gaggawa don kada lokacin neman gurbi na watan Satumba ya wuce ni. Na samu 221, a lokacin da makin tsallakewa yake 209. Babu laifi ga mai neman tsira, amma ba makin mai neman tiyatar ƙashi ba ne.

Tiyatar ƙashi kuwa ita kaɗai nake so, kuma ina da dalili. Ina hausjob aka kawo wani yaro ɗan shekara tara daga wani ƙauye a yankin Argungu. Ya faɗo daga kan jaki ya karye a gwiwar hannu, maɗori ya ɗaure da karare da tsumma, ya tamke sosai. Kwana shida kafin a kawo shi. Da muka kwance, yatsun sun yi baƙi, sun yi sanyi, warin ya cika ɗakin. Uwarsa tana bakin ƙofa tana tambayata, "Likita, zai riƙe fartanya?" An yanke hannun washegari. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin haɗari a Kabi ya san irin wannan, ga kuma 'yan kabu-kabu da ake kwasowa daga hanyar Jega kusan kullum. Tun ranar na ƙudura ƙashi zan karanta.

Burin ba shi da aibi. Aibin shi ne na ƙi haɗa shi da lambar da ke hannuna. A Amurka, tiyatar ƙashi tana cikin fannonin da suka fi wuyar shiga, tare da fata, da tiyatar ƙwaƙwalwa, da tiyatar gyaran jiki. 'Ya'yan ƙasar ma da suka yi makarantunsu, masu maki mai tsoka da tarin bincike, da yawa ba sa samu. Likitan da ya yi karatu a waje, wanda kuma yake buƙatar biza, ƙofofin da suka fi buɗe masa su ne fannin cututtukan ciki na manya, da likitan iyali, da yara, da ƙwaƙwalwa, da binciken cuta a ɗakin gwaji. Wannan ba sirri ba ne, hukumar da ke raba guraben tana wallafa alƙalumanta kyauta, fanni-fanni, har da makin waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba. Na sauke takardar a kwamfutata. Ban buɗe shafin ƙashi ba, don na san abin da zan gani.

Akwai wani babban malaminmu, kwansaltan ne, da ya koyar da ni a Sakkwato. Na kai masa takarduna ina neman wasiƙar shaida. Ya sa tabarau ya duba, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, wasiƙa zan rubuta maka, kuma mai kyau, don na san hannunka. Amma ka zaɓi ɗaya: Amurka kake so ko ƙashi? Da wannan makin ba za a ba ka duka biyu ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, zan dai gwada, ai rabo ne." Ya ce, "Rabo ne, amma ba a shuka a kan fako a ce ana jiran rabo." Na fita ina jin haushinsa. Na ɗauka yana cikin dattawan da ba sa son yara su fita.

Na nemi asibitoci sama da sittin, duka ƙashi, kuma kuɗin nema ƙaruwa yake yi da yawan wuraren da ka zaɓa. Na yi mako biyu ina gyara takardar bayanin kaina, na zuba labarin yaron nan a ciki. Ban yi zaton akwai wanda ya karanta ta ba. Asibitocin suna samun ɗaruruwan masu nema a kan gurbi kaɗan, manhajar da suke amfani da ita kuma tana ba su damar tace mutane da maki, da shekarar gama makaranta, da batun biza, tun kafin idon ɗan Adam ya sauka kan takarda. Ko gayyatar ganawa ɗaya ban samu ba. Wanda ba a gana da shi ba kuwa, ba shi da abin jira a watan Maris. Na san haka tun Disamba, amma na ci gaba da cewa gida ana nan ana jira.

In makinka ya riga ya fito kuma bai yi kyau ba, kuma har yanzu Amurkan kake so, akwai abin yi. Ka nemi fannin da lambarka za ta shiga, ka bi asibitocin da suka saba ɗaukar baƙi, wanda za ka gane daga jerin likitocin da suke horarwa a shafinsu. Ka nemi zuwa can ka yi wata ɗaya ko biyu kana bin likitocinsu a asibiti, domin wasiƙar wanda ya ga aikinka a ƙasarsu ta fi nauyi a wurinsu. Masu hali sukan rubuta matakin ƙarshe, Step 3, tun kafin nema don nuna sun farfaɗo, sai dai shi a Amurka kawai ake rubuta shi. In an tambaye ka makin a ganawa, ka faɗi abin da ya faru a taƙaice, ka faɗi abin da ka gyara. Wani abokina da makinsa bai fi nawa da komai ba ya bi wannan hanya, ya nemi likitan iyali, ya samu a zagaye na biyu. Kuma kada ka ja lokaci, don kowace shekara da ta ƙaru bayan gama makaranta tana rage maka kasuwa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na gida. Tun ina bautar ƙasa a 2017 na ci firamare, jarrabawar share fagen shiga horon ƙwarewa a nan, wadda kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas da kwalejojin Afirka ta Yamma suke shiryawa. Takardar tana da wa'adi, ba ta dawwama. An yi ta tallar guraben residansi, wato horon ƙwarewar, abokan ajinmu suka shiga Sakkwato, da Shika ta Zariya, da Kano, ni ina ganin wannan ƙaramin abu ne ga mai shirin ƙetare teku. Ranar da na dawo hayyacina na ɗauko takardar daga cikin akwati, wa'adinta ya zo ƙarshe, babu gurbin da zan kama kafin ta mutu. Na yi biyu babu. Wanda muka yi hausjob tare, har nakan taya shi ɗinki, a lokacin ya ci Part 1, jarrabawar tsakiyar horo, ya zama babban rejistira.

Abin da malamina ya gani ni ban gani ba shi ne, ƙashin da nake nema yana nan kusa. Asibitin ƙashi na Dala a Kano yana horarwa, haka Igbobi a Legas, da na Inugu, da asibitocin koyarwa da dama. Ba zan yi muku ƙarya ba, horon gida yana da wahala: albashi ba ya isa, yajin aiki yana cinye watanni, wani lokaci majinyaci ba shi da kuɗin ƙarfen da za a sa masa. Amma hannu yana samun aiki, kuma karayar da ka koya a kanta ita ce wadda za ka tarar a Kamba ko Yawuri. Da na shiga a 2018, da yanzu na gama.

Daren da na kira Baba, na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗa. Ya yi shiru, ina jin kukan kwaɗi ta wayar, alamar yana bakin fadama wajen injin ban-ruwa. Ya ce, "To, Likita, yanzu can ɗin babu, nan fa?" Na ce nan ma sai na sake jarrabawa. Ya tambaye ni nawa ne, na faɗa masa. Ya ce, "Wannan kai za ka biya." Bai taɓa tayar da maganar buhu arba'in ɗin nan ba har yau.

Na sake firamare a watan Oktoba na shekarar. Kafin in biya kuɗin, na ajiye aikin yamma, na roƙi abokan aiki muka yi musayar kol, na yi wata huɗu ina bitar ilimin sassan jiki kamar ɗan aji biyu. Na koma wurin malamina da sakamakon, na gaishe shi, na ba shi haƙuri. Ya karɓi takardar ya duba, ya ce in kawo fom ɗin ranar Alhamis zai sa hannu.