Ƙwai na uku cikin wata guda

Asabar. Hunturu ya kankama, hazo har ba ka hango ƙarshen layinmu.

Jiya da daddare fitilar babur ɗina ta sake mutuwa, na wuce Kabuga kaɗan ke nan na nufi Rijiyar Zaki a nan Kano. Totur na murɗa don in wuce wani ɗan sahu, sai hasken ya yi wal kamar walƙiya, daga nan ɗif. Haka na lallaɓa ta gefen titi, na kunna tocilar waya na soke ta a hular sanyi, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ƙwan fitila na uku ke nan cikin wata guda. Da na shiga gida uwargida ta kalli hular ta kalle ni, ba ta ce komai ba, sai dariya da take ta dannewa.

Yau da hantsi na tafi 'yan babura a Fagge, na riga na yanke shawara tun a hanya: LED zan saya, irin farin nan mai kashe ido da samari ke sawa, in huta. Allah ya sa na tafi da mataccen ƙwan a aljihu, don gindinsu ba ɗaya ba ne. Wani ƙananan kunnuwa gare shi, ka tura ka murɗa, wani kuma faranti ne mai ƙafa uku. Wanda ya tafi hannu rabbana sai ya yi sawu biyu.

Mai shagon ya jera mini kala uku a kan kanta. Na farko irin nawa ne, halojin, an rubuta 12V 35/35W a gindinsa. Talatin da biyar ɗin nan sau biyu zare biyu ne a ciki, ɗaya na dim ɗaya na ful. Na biyu LED, har da ɗan fanka a bayansa don sanyaya shi, kuɗinsa zai sayi halojin da yawa. Na ukun kuwa yaron shagon ne ya miƙo, ƙwan mota mai 60/55, ya ce, "Yallaɓai, wannan in ka sa, dare ya zama rana." Na kusa biye masa. Abin da ya cece ni, kuɗin da ke jikina ba su kai yadda na zata ba, sai na ce bari in kai wa bakanikena babur ɗin ya gani tukuna.

Shi kuwa ko kallon ƙwan bai yi ba. Tambayar farko, "Malam, yaushe yake mutuwa, kana tsaye ko kana gudu?" Na ce kullum sai na ba shi wuta. Ya gyaɗa kai, ya kwance kan fitilar, ya ɗauko mita ya soka wayoyinta a soket, ya ce in tayar. A silo, wato ba a murɗa totur ba, lamba ta tsaya wajen volt 12. Ina murɗa totur ta haye 14, ta haye 16, tana neman 18. Ya ce, "Ka ga ɓarawonka. Caja ce ta tafi." Ashe wannan ɗan ƙarfen mai haƙarƙari da ke maƙale a jikin firam, aikinsa ke nan ya tare wuta kada ta wuce wajen 14. In ya lalace, duk abin da koyil, wato naɗin wayar da ke samar da wuta a cikin inji, ya haifa sai ya zarce kan ƙwai. Wato wata guda ina zagin 'yan kasuwa a zuci cewa jabu suke sayar mini, alhali bayin Allah ba su ci ba ba su sha ba. Astagfirullah.

Babur ɗin ma ai ya yi ƙoƙari. Boxer ce ta yayana, da ita ya yi acaɓa har zuwa Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Ya koma Adaidaita Sahu, ni na gaji babur. Cajar da ta zo da shi ce har jiya.

Ina tsaye yana canzawa na sake tayar da maganar LED. Ya ce in kashe inji in bar makulli a buɗe, in kunna fitila. Mitar da ke soket ba ta motsa ba. Ya ce to ka gani, fitilarka ba daga batir take sha ba, daga koyil take sha kai tsaye, shi ya sa take dushewa a silo ta ƙara haske in ka ba da wuta. LED kuwa wutar batir yake so, mai tafiya a miƙe. In ba wanda aka yi don iri biyun ka samu ba, ko dai ya riƙa ƙyafta ido ko ya ƙone, sai dai a juya wayarin a mayar da fitilar kan batir. Ƙwan mota kuma ya ce in manta da shi, koyil ɗin ba zai iya ciyar da shi ba, kuma zafinsa narka soket yake yi.

Amma abin da ya gama da ni ba wannan ba ne. Cewa ya yi, kaskon da ke bayan ƙwan an ƙera shi ne daidai da inda zaren halojin yake zaune, shi ke tattara hasken ya kwantar da shi a kan kwalta. LED mai araha ba a wurin yake fitar da haske ba, sai ya watsu ko'ina, rabinsa a idon mai tahowa. Ga kuma hazo: farin haske mai shuɗi-shuɗi in ya bugi ƙura dawo maka yake yi, kamar ka haska bango. Na tuna sau nawa na tsine wa masu irin wannan fitila a titin Gwarzo, ga shi yau saura ƙiris in shiga sahunsu da kuɗina.

Na koma shagon na sayi halojin biyu, ɗaya na ajiya. Yaron shagon bai ji daɗi ba. Wurin sawa na kai hannu zan kama gilashin, bakanike ya buge mini hannu, ya ce maiƙon yatsa in ya zauna a kai nan wurin ke yin zafi fiye da saura, ƙwan bai daɗewa. Da ƙyallen tsumma ya riƙe shi. Sauran biyun da na sa da kaina duk da hannu na damƙe su, ban dai faɗa masa ba.

Bayan isha'i na juya babur ya fuskanci katangar maƙwabcinmu, na hau na zauna, na ga hasken dim yana dukan sama da tagarsu. Na sassauta kusoshin kan fitilar na dunƙufar da shi har ya sauko ƙasa da ƙugu. Daga nan na ce bari in gwada, na tafi har Kabuga na dawo, na ba shi wuta sosai a daidai inda ya mutu jiya. Yana nan, ja-ja, ramuka suna fitowa tun daga nesa. Da na dawo uwargida ta ce tunda har Kabuga na je, ina burodin safe? Na manta. Sai da na sake fita.