Alhamis a Maigatari da Kawu

Ana idar da sallar asuba Kawu ya aiko a kira ni, wai yaron da ke riƙe masa littafi zazzaɓi ya kwantar da shi. Ta Gumel muka bi. Kafin hantsi muna Maigatari, kara har ta cika da shanu da raƙuman Nijar. Mu dai riɗi ya kai mu.

Har yau 'yan dako "Onarabul" suke ce masa, alhali zango ɗaya ya yi a majalisar dokoki ta Dutse, daga 1999 zuwa 2003, zamanin Saminu Turaki, ɗaya cikin mambobi 30. Da zaɓen fidda gwani ya zo aka ba wani tikitin. Inna ta sha ba ni labarin: zauren da ake fitar da tuwo kwano goma, cikin wata biyu ya koma sai akuya. Bai sauya jam'iyya ba, bai je kotu ba. Motarsa ya sayar ya sayi sikeli, ya kama sito a Dawanau, ya fara tara riɗi da zoɓo daga ƙauyuka.

Wajen azahar wani dattijo ya kawo rabin buhu a kan jaki. Dillali ya fara rage masa kuɗi, wai akwai ƙasa. Kawu ya zura hannu har gindin buhun, ya ɗebo, ya hura, ya tauna 'yan ƙwayoyi ya ji bushewarsu.

"Baba, wannan fari ne tas. A biya shi cikakke."

Ya ce min masu fitarwa ta Legas zuwa Japan da Turkiyya tsakuwa da danshi suke gudu, manomin da ya sheƙe kayansa da kyau in ka cuce shi, baɗi da yashi zai kawo maka. Wallahi na ji daɗin ganin fuskar dattijon nan lokacin da yake ƙulle kuɗinsa.

A hanyar dawowa na kasa haƙuri.

"Kawu, ba ka marmarin sake takara?"

Ya daɗe bai tanka ba. Can ya ce akwai ƙauyen da ya yi wa alkawarin rijiyar burtsatse yana kan kujera, shekara huɗu takardar na yawo a ofis. Da ribar riɗi ya haƙa ta daga baya.

Mun iso gida bayan isha'i da buhu 46. Gobe da sassafe za a loda zuwa Dawanau, ya ce da ni za a tafi.