Wata na huɗu da finafinan kasuwar kuɗi: inda na kai

Assalamu alaikum ƴan uwa abokan koyo. Yau wata huɗu ke nan da na ɗauki wannan aiki na neman finafinan kasuwar hannun jari waɗanda ba a cika zancensu ba, ina kallo ina rubutawa. Tsarina yana nan yadda na faɗa muku. Kallon farko labari kawai nake bi. A na biyu ina tsayarwa in karanta fassarar Faransanci da ke ƙasa, na uku kuwa sai da biro a hannu. Yawanci bayan isha'i ne, idan fada ta watse an kwashe butar shayi, salula kuma tana da caji.

Wanda ya fi riƙe ni a wannan watan shi ne Floored, na shekarar 2009, wanda James Allen Smith ya shirya a kan dillalan birnin Shikago. Kasuwarsu ta asali ta hatsi ce, an kafa ta tun 1848, kuma wurin cinikin rami ne mai matakala, mutane cunkushe cikin riguna masu launi, kowa yana ihu. Da yake murya ba ta isa, sai hannu ya yi magana: ka juyo tafin hannu wajen fuskarka, saye kake, ka tura shi waje, sayarwa kake. Ina kallo ina ganin kasuwar hatsi ta nan Maradi da kaka, lokacin da motocin wake da gero suke sauke kaya. Mai saye ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Duk wanda ya girma yana bin mahaifinsa kasuwa ya san ba baki kaɗai ake saurare ba. Ana duban idon mutum, ana lura da wanda ya ƙosa ya sayar don yana da biki a gida, da wanda rumbunsa ke cike ba ya sauri. Wannan ilimin ne mutanen Shikago suka yi shekaru suna ci da shi, sai kwamfuta ta zo ta raba su da shi. A fim ɗin za ku ga dattijo wanda ya taɓa juya dukiya mai yawa yana zaune gaban allo, lambobi suna gudu, ba fuskar da zai karanta. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. A 2015 aka rufe yawancin ramukan nan.

Daga nan na wuce zuwa Money & Speed na Marije Meerman, wanda gidan talabijin na VPRO a Holand ya fitar a 2011. Labarin ranar 6 ga Mayu 2010 ne, da kasuwar Amurka ta faɗi da kusan kashi 9 cikin ɗari, ta kuma farfaɗo, duk cikin abin da bai kai awa guda ba. Hannun jarin kamfanin Accenture har ya sauka zuwa santi ɗaya na ɗan lokaci. Gaskiya wannan ya yi mini nauyi, zan sake komawa kansa. Abin da na riƙe dai shi ne na'urorin kwamfuta masu saye da sayarwa da kansu sun janye tayinsu a lokaci guda, kamar a ce duk masu saye sun tashi daga kasuwa sun bar mai kaya tsaye.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta muku yau. Kun san ina gwaji a takarda, ban sa ko dala ɗaya ta gaske ba. Na ba kaina jarin jika ɗari biyar a littafi, sau biyu a mako in je in tambayi kuɗin tiyar wake, in kuma tsaya wajen ƴan canji in ji yadda naira take da sefa. A watan jiya na rubuta cewa na sayi naira, ina zaton za ta tashi. Ta sauka. Maimakon in rubuta asarar, sai na bar shafin fari har mako biyu, sannan na rubuta cewa na ƙara sayen ninki biyu a farashi mai sauƙi, wai idan ta ɗan motsa in mayar da komai. Ban ga laifin hakan ba sai da na kalli Rogue Trader na 1999, labarin Nick Leeson. Bankin Barings, wanda aka kafa a Landan tun 1762, ya tura shi Singafo, kuma shi ne mai ciniki, shi ne kuma mai kula da littafin lissafin cinikin. Ya buɗe asusu mai lamba 88888 yana zuba asara a ciki, yana ninka ciniki don ya rufe ramin. Ya dogara da cewa kasuwar Japan ba za ta girgiza ba, sai girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe ranar 17 ga Janairu 1995. Asarar ta kai fam miliyan 827, bankin ya durƙushe, bankin ING ya saye shi a kan fam ɗaya, shi kuma aka yanke masa ɗaurin shekara shida da rabi.

Da fim ya ƙare na jawo littafina na duba farin shafin nan, jikina ya yi sanyi. Ba kuɗin kowa a hannuna, ba mai tuhumata, amma na kasa rubuta gaskiya ga kaina. Washegari na kai wa yayana littafin a shagonsa na ba shi labari. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ƙanena, ai mai auna hatsi ba shi ke riƙe jakar kuɗi ba. Bar shi a nan." Yanzu duk cinikin takarda da na yi sai in aika masa saƙo a take, shi yake rubutawa da kwanan wata, ni ba na taɓa biro. Duk mai irin wannan gwajin a cikinku, don Allah ya nemi wanda zai riƙe masa littafi.

Akwai kuma guda biyu na nahiyarmu da nake so ku nema, dukansu a kan Habasha. Black Gold na 2006 yana bin Tadesse Meskela, jagoran ƙungiyar manoman kofi ta Oromiya, yana yawon nema wa manomansa farashin kirki, alhali a Niyok da Landan ake yanke kuɗin kofin. The Market Maker na 2009 kuwa yana nuna Eleni Gabre-Madhin da kasuwar amfanin gona da ta jagoranci buɗewa a Adis Ababa a 2008: a tantance ingancin kaya, a ajiye a sito, a ba manomi takardar shaida, a sanar da farashi ga kowa. Wannan ya fi duk sauran kusa da rayuwarmu, mu da muke ganin manomi ya sayar da gero da arha a kaka, ya dawo ya saye shi da tsada da damina.

Batun halal da haram ban ajiye shi gefe ba. Na tambayi malaminmu a kan sayen kayan da ba a girbe ba, ya yi mini bayanin cinikin salam: a biya kuɗi gaba ɗaya tun farko, da sanannen awo da sanannen lokacin kawowa. Ya ce yawancin abin da na kwatanta masa daga finafinan ba haka yake ba, tunda ba a biya duka, ba a kuma nufin karɓar kaya. Shi ya sa nake nan a kan takarda.

Wata mai zuwa in Allah ya kai mu zan ɗauki Trader na 1987, a kan Paul Tudor Jones, wani ɗan kasuwar kuɗi na Amurka wanda da cinikin auduga ya fara. Ina kuma so in fara bin kasuwar hannun jari ta Abijan da ake kira BRVM, tunda ita ce ta ƙasashenmu takwas masu sefa, kuma bankin BOA Nijar yana cikinta. Wanda ya sami Trader da fassarar Faransanci a ƙasa, ya taimaka mini da shi.