Makon Ƙarshe na Azumi a Ajinmu

Ina koyar da lissafi a wata makarantar CEG, wato ƙaramar sakandare, da ke gefen garin Maradi, kuma a duk shekarar karatu babu makon da ke cin raina kamar makon ƙarshe na azumi. A lokacin ne babbar kasuwa ke cika maƙil, teloli su kwana a kan keke, 'yan mata a tsakar makaranta ba su da zance sai na lalle da kitso da atamfar da aka yanko musu. A lokacin ne kuma yaron da gidansu babu yake yin tsit, ya koma bencin baya, ko kuma a neme shi a rasa.

Wanda ya san yankin nan ya san inda damuwar ta samo asali. Tun daga 2019 mutane ke kwararowa daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Rumji da Madarumfa saboda 'yan bindiga, kuma matsalar ba ta bar ƙauyukanmu na bakin iyaka ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya rufe hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya na tsawon watanni, alhali rabin numfashin kasuwancin Maradi ta nan yake bi. Ga faɗuwar naira: uban da ya tafi ci-rani Najeriya, in ya aiko kuɗi aka canza su zuwa sefa, sai ka ga ko cefanen mako ba su isa ba. Duk wannan a kan yara yake saukowa, su kuma su shigo mana da shi aji.

A farkon makon na lura wani yaro ɗan ajin ƙarshe, mai shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, ya daina zuwa. Da yamma na same shi kusa da tasha yana tura kurar ruwa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun bushe don azumi. Ya sunkuyar da kai ya gaishe ni, na ja shi inuwa na tambaye shi lafiya.

"Malam, Baba bai aiko komai ba tun watan jiya, kuma wayarsa ba ta shiga," in ji shi. "In na zauna aji, da me ƙannena za su sha ruwa?"

Ban yi masa wa'azin muhimmancin boko ba, domin ya fi ni sanin abin da yake asara. Muka yi yarjejeniya zai riƙa zuwa darasin safe, ni kuma in haɗa masa aikin da ya wuce shi.

Abin da ya fi yi mini nauyi ya zo ne tsakiyar mako. Wata yarinya, wadda aka kashe mahaifinta a gona bara kuma take zaune wurin gwaggonta, ta fashe da kuka ina tsakiyar rubutu a allo, don kawai ta kusa da ita ta tambaye ta irin ɗinkin da za ta saka ranar idi. Na roƙi wata malama ta fita da ita, daga baya na same su a ofis. Yarinyar ba ta ambaci tufafi ba ko sau ɗaya. Cewa take yi mahaifinta ne ke riƙe hannun ƙaninta zuwa filin idi, bana kuwa ba ta san wanda zai kai shi ba. Na ce mata, "Ki yi haƙuri 'yata, Allah Ya jiƙan Baba," na kuma yi shiru, domin na gane a ranar cewa marayan da ya fara magana sauraro yake buƙata kafin nasiha.

Washegari muka zauna da shugaban makaranta da wakilan kwamitin iyaye. Da yake ya halatta a fitar da zakkar fidda kai kwana ɗaya ko biyu kafin salla, malamai da wasu iyaye suka amince su haɗa tasu wuri guda, wani ya ƙara da 'yan jikkuna, wata ta kawo turmin atamfa. A nan na dage a kan abu ɗaya, kuma har yanzu ina ganin shi ne daidai: kada a kira sunan kowane yaro a gaban aji, kada a miƙa wa kowa komai a tsakar makaranta. Matan kwamitin ne suka kai geron gida-gida bayan magariba, suka damƙa shi hannun iyaye mata, telan kuwa awo kawai aka ba shi ba tare da suna ba. Yaro yana iya jure yunwar yini, amma gorin abokansa na iya raba shi da makaranta gaba ɗaya.

Ni kaina makon bai bar ni lafiya lau ba. Nakan dawo daga asham in kwanta barci ya ƙi zuwa, ina lissafin waɗanda ba mu kai gare su ba, har mai ɗakina ta ce tana ganin ramar da na yi ta wuce ta azumi. Albashin malami ba ya ɗaukar aji guda, zuciyarsa ma haka, shi ya sa raba nauyin da malamai mata da dattawan unguwa ya fi amfani ga yaran da kuma ni.

Babbar salla ta fi wannan tsanani, domin a shekarun nan tana faɗowa dab da jarrabawa, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma tiyar gero ta yi tsada. Saboda haka muka tsayar da cewa kowane malamin aji zai fara lura da masu fashi tun daga makon dawowa daga hutu, ya kai rahoto ga kwamiti a asirce, ba sai an jira jajibiri ba.